Rabon Baba a Yatsun Umma

"To buɗe hannun in gani," na ce wa Baba.

"Uwata, binciken naki ya biyo ni har gida?" Ya yi dariya ya miƙo hannun bisa teburin da yake gyaran agogo. Yatsun suna nan a kumbure, a karkace kamar saiwar bishiya. Sati shida ke nan rabonsa da iya riƙe ɗan hantsakinsa, agogunan mutane sun yi shiru a cikin aljihun teburin.

Ni na sa sunansa a gwajin sabon maganinmu. A wurin aikinmu muna tatsar magani daga tsirrai, mu kulle shi cikin wasu ƙwayoyi da suka fi gashin kai siranta sau dubu, don su ratsa fata su isa gaɓar da amosani yake ci. Shekara huɗu na yi a kan man shafawar nan, kuma duk ranar da na gaji, hannun iyayena nake tunawa. Su biyun na kai. Aka ɗauki Baba. Umma kuwa likita ya ce ƙodarta ba ta da ƙarfi, kuma babu wanda ya san abin da maganin zai yi mata.

"Kana shafawa safe da yamma?"

"Kwalbar ba ta faɗa miki ba? Ga ta nan ta kusa ƙarewa."

Sai na ji ƙarar almakashi daga ɗakin ciki. Umma, wadda ta shekara ba ta iya ɓalle maɓallin rigarta, tana yanka yadi tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Na leƙa. Ƙamshin man ya cika ɗakin, ƙamshin da zan gane ko a cikin dubu.

Na dawo wurin Baba na zauna.

"Baba. Tun yaushe?"

Ya daɗe yana juya wani agogo da bayan yatsa. "Tun rana ta uku. Na same ta tana kuka a kan murfin kwalbar man girki, ta kasa buɗewa. Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa cin abu ita tana kallo ba. Yanzu a kan magani zan fara?" Ya ɗago yana ƙoƙarin murmushi. "Kuma ai da hannuna nake shafa mata. Ni ma ina ɗan lasa."

"Ta san naka ne?"

"Na ce mata kin samo mata nata. Kullum sai ta sa miki albarka."

Hawaye suka ƙwace mini. Da ma ban san abin da na sani ba! Na tuna takardar likita, da yadda ƙafafun Umma suka ɗan tasa a kwanakin nan na ce zama ne ya yi yawa. Wataƙila zaman ne. Wataƙila kuma abin da na haɗa da hannuna ne yake ratsa fatarta yana tafiya inda ban aike shi ba.

"Ki bar mata, Uwata," in ji Baba, muryarsa ta yi ƙasa. "Ni na ga duniya. Agogo ba ya kuka in an bar shi. Ba ki ji waƙarta ba?"

Na ji. Ina jin ta har lokacin, da almakashin yana tafiya a hankali cikin yadi.

Na ɗauki kwalbar daga teburin na sa a jaka. Baba bai hana ni ba, idanunsa kawai suka bi hannuna.

"Ka yafe mini, Baba," na ce. "Zan kai Umma a duba ƙodarta yanzu, kuma zan faɗa wa likita komai."