Kumburin Goshin Sairusi

…kuma a kan tudun nan kaɗai waya ke kamawa, ni da cikin wata takwas, ina haki kamar tsohuwar akuya. Da kana nan da ka yi dariya, Sairusi. Dariyarka nake so. Ita kawai.

Wai tabarau na nutso ne ya matse maka goshi. Haka kowa ya ce. Wane mai nutso ne a tsibirin nan kansa ba ya sarawa? Hanci ya toshe, a ƙara nitsewa ƙasa, ruwan gishiri zai buɗe shi, har in jini ya fito su ce ai ka warke. Ka yi ta nitsewa — mai taurin kai. Goshi ya taso kamar ƙwan kaza, innarka tana murza shi da man kwakwa, kana ce mini ƙaho kake fitarwa don ka ji daɗin tunkuɗa ni…

Sai ido ya rufe. Sai ka kasa riƙe ƙoƙon yangona, abin shanmu na gargajiya, a gaban dattawa.

Jirgin sama bai ɗaukar mai tsohon ciki. Yayarka Merewalesi ce ta bi ka asibitin Suva, babban birni, ni aka bari da matashin kai da ke warin gishirinka.

Ta ce likitoci sun ɗauki hoton kanka. Murar nan ce, mura fa, ta ruɓe a kogon hanci, ta cinye ƙashin goshi, mugunya ta taru a jikin ƙwaƙwalwa. Sun buɗe sun kwashe. Makonni za ka yi ana ɗura maka magani ta jijiya. Nutso kuwa… wa ke ta nutso? Ka dawo ka zauna a inuwa kana damuna.

Ga ta, ta ɗauki wayar. Ta ce ka farka, bari ta kara maka wayar a kunne. Numfashinka — na san shi, ko cikin dubu.

"Kai, mai ƙaho. Vasiti ce. Ɗanka na ta harbina."

Sannan muryarka, a hankali, cike da ladabi:

"Sannu, baiwar Allah. Allah Ya raba lafiya."

Merewalesi na ta bayani, wai likita ya ce in kumburi ya sauka wataƙila… Wataƙila. Tun da muke ba ka taɓa yi mini ladabi ba, Sairusi. Ba ka gane ni ba.