Kabad Mai Durowa Huɗu

Sati uku ke nan da Nana Firdausi ta buɗe ofishinta na lauya a Gumel, ɗaki ɗaya tsakanin shagon tela da na mai gyaran waya. Akwai tebur, akwai kujeru uku, har allon suna an rubuta an kafa. Amma takardun mutane, na gonaki da na gado da na filaye, duk a cikin kwalayen taliya suke jibge a ƙasa. Ranar wata Laraba ta ɗaga kwali ɗaya, sai ta tarar gara ta fara gini a gindinsa. Allah ya taimaka ba ta kai ga takardun ba.

Nan take ta buga waya Kano ta tambayi kuɗin sabon kabad na ƙarfe. Da aka faɗa mata, godiya kawai ta yi ta kashe wayar.

Da ta koma gida ta ba mahaifinta labari. Malam Ɗantala shekara talatin ya yi yana masinja a ofishin ƙaramar hukuma kafin ya yi ritaya, kuma tun daga lokacin ba abin da yake sai zaman ƙofar gida da sauraron rediyo. Yana jin maganar kabad ya gyara zama.

"Gobe Alhamis, kasuwar Maigatari na ci," in ji shi. "Akwai masu kawo tsofaffin kaya daga Nijar. Ni zan raka ki, Uwata. Ke doka kika karanta, ni kuwa kabad na karanta."

Washegari tun kafin ta gama karin kumallo ya fito cikin babbar rigarsa ta zuwa Juma'a, yana ta ƙwala mata kira wai mota za ta cika. A hanya bai yi shiru ba ko na minti ɗaya. Ya gaya mata yadda ake gane ƙarfe mai kauri da ƙwanƙwasawa, da yadda ake leƙa gindi a duba tsatsa, da dalilin da ya sa ba a sayen wanda durowarsa ke kuka. Nana tana ta dariya. Rabon da ta ga mahaifinta haka har ta manta.

Sun ratsa kara inda ake cinikin shanu da raƙuma, suka wuce masu hatsi, suka isa layin 'yan gwanjo. Kabad na farko da suka gani, Malam Ɗantala ya ƙwanƙwasa shi sau ɗaya ya ce, "Gwangwani ne," ya yi gaba. Na biyu tsatsa ta cinye gindinsa. Na uku yana tsaye a rumfar wani mutum mai suna Cindo, tsakanin tsohon firji da tarin kekuna. Ruwan toka ne, durowa huɗu, tsawonsa ya kai kafaɗar Nana, ga makullai biyu ɗaure da zare a jikin hannunsa.

Malam Ɗantala ya ƙwanƙwasa. Ya sake ƙwanƙwasawa. Sai ya juyo ya dubi 'yarsa, idonsa na ƙyalli.

"Baba, ka iya zaɓe," in ji Cindo. "Daga wani babban biro aka fito da shi a Damagaram."

"Biro?" Nana ta tambaya. "Na rubutu?"

"Ofis yake nufi," in ji mahaifinta. "Haka suke cewa a can."

Cindo ya ce, "Sai dai ba zan ɓoye muku ba, yana da matsala. Durowar sama kaɗai ke buɗewa, sauran ukun sun ƙi. Na sa mai, na sa makulli, har da guduma na gwada. Shi ya sa ya daɗe a nan." Ya faɗi kuɗin da zai sallama. Bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka gaya wa Nana a Kano ba.

Malam Ɗantala ya ja durowar sama ya tura. Ta tafi, amma ta tsaya saura kamar faɗin yatsa ta rufe. Ya sake yi, ta sake tsayawa. Ya yi murmushi ya jawo Nana gefe.

"Lafiyarsa ƙalau," ya raɗa mata. "Irin wannan, in durowa ɗaya ba ta rufe sosai ba, sauran kulle kansu suke yi, don kada nauyi ya rinjaye shi ya faɗo wa mutum. Wani abu ne ya maƙale a bayan ta saman."

Nana ta matso kusa da shi da murna. "To Baba, mu biya mu ɗauka, sai mu gyara a gida."

Ya girgiza kai. "Mutumin nan bai ɓoye mana aibin kayansa ba. Mu kuma sai mu ɓoye masa lafiyarsu?"

Kunya ta kama ta, ta sunkuyar da kai. Malam Ɗantala ya naɗe hannun babbar riga, ya ce Cindo ya riƙe masa kabad ɗin. Ya jawo durowar har ƙarshe, ya danna wasu 'yan ƙarafa biyu a gefenta, ya zare ta gaba ɗaya. Ya zura hannu har kafaɗa yana lalube. Can sai ya fito da ƙaramin cokalin shayi, ya lanƙwashe kamar ƙugiya.

Ya mayar da durowar ya tura, ta ce ƙaras. Ya ja ta biyu, ta taho sumul. Ya rufe ya ja ta uku, sannan ta huɗu.

"La'ilaha illallahu!" in ji Cindo, ya riƙe kai. "Cokali? Wata biyar ina fama da cokali?"

'Yan rumfunan da ke kusa suka taru suna dariya, kowa na son ya ja da hannunsa. Nana kuwa ta tsaya tana jiran ta ji sabon farashi.

Cindo ya share hawayen dariya ya ce, "Hajiya, abin da na faɗa shi na faɗa, ba na ƙara ko sisi. Amma Baba, don Allah ka sake nuna mini yadda ka zare ta. Irinsa na zuwa mini lokaci-lokaci."

Malam Ɗantala ya nuna masa har sau uku, a tsanake, kamar malami a aji.

Motar da suka samu zuwa Gumel a-kori-kura ce mai ɗauke da raguna shida. Aka kwantar da kabad a baya aka ɗaure da igiya. Nana ta roƙi mahaifinta ya shiga gaba, ya ƙi, wai ba zai bar raguna da kayan ofis babu mai tsaro ba. Haka ya haye ya zauna a kan kabad ɗin da babbar rigarsa. Duk ramin da motar ta faɗa, sai wani rago ya kai wa ƙarfen karo, ya yi ƙara kamar ganga, sai Nana ta jiyo muryar tsohon yana yi wa ragon faɗa. Har suka shiga gari direban bai daina dariya ba.

A ƙofar ofis, tela da mai gyaran waya suka fito suka kama, aka shigar da kabad ɗin da ƙyar, aka jingina shi da bango. Nana ta goge shi da tsumma har sau biyu. Mahaifinta ya zauna a kujerar baƙi yana ba da umarni: gonaki a sama, gado a ta biyu, filayen gari a ta uku, ta ƙasa a bar ta don abin da zai zo. Ta yanka farar takarda ta rubuta sunayen, ta soka kowanne a ɗan gurbin da ke goshin durowarsa.

Ba su gama ba sai ga wani manomi daga Gagarawa, Malam Ɗalha, ya yi sallama, ya ce kwafin takardar gonarsa yake so. Nana ta miƙe, ta ja durowar sama, ta zaro fayil ɗinsa ta ajiye a tebur tun bai gama zama ba.

Malam Ɗalha ya dubi fayil ɗin, ya dubi kabad. "Ikon Allah! Lauya, ofis ya zama ofis."

Aka kira sallar la'asar. Malam Ɗantala ya miƙe yana kakkaɓe gashin raguna daga rigarsa, ya ce wa manomin su tafi masallaci tare, a hanya zai ba shi labarin yadda aka samo kabad ɗin.