Kujerar Baya

Abokin aikin Yaya ne ya ba mu shawara tun kafin mu taso: kada mu sauka a otal ɗin tsakiyar gari, mu nemi masauki a bakin teku, mu kuma ɗauki motar haya ta kwana uku saboda zirga-zirgar asibiti. Aikin ido za a yi wa Yaya, don haka ni ce direba.

A wurin hayar motoci, mai ba da makulli ya zagaya da mu wata farar mota, ya nuna mana inda ta ƙwarzane. Na miƙa hannu zan buɗe ƙofar baya in ajiye jaka, sai ya ce, "Malama, ki sa a but, wurin kaya, ya fi."

Da hantsi muka kama hanyar gaɓar teku. Rana ta fito tangaran, amma gilashin baya na gefen hagu sai gumi yake yi daga ciki. Motar kuma ta ƙi daina ƙarar nan ta gargaɗin rashin ɗaura bel.

"Yaya, ɗaura bel ɗinka mana."

"Na ɗaura tun ɗazu, ƙanwata. Ko dai ke za a yi wa aikin idon?"

Mai masaukin wata dattijuwa ce. Ta taga ta hango isowarmu, ta tarbe mu da tawul uku a hannu.

Na ce, "Mu biyu ne, Inna."

"Yarinyar fa? Wadda ke zaune a baya, gashinta sharkaf. Kada ku bar ta cikin zafin nan."

Na koma wajen motar. Babu kowa. Amma kujerar hagu ta jiƙe daidai wurin zaman mutum ɗaya, ruwa na ɗiga kan taburmar ƙasa, ga yashi sabo. Na dawo na faɗa wa Yaya.

Ya ce, "Tun a hanya nake jin numfashi a ƙeyata. Na ɗauka kunnena ne."

Ko jakunkuna ban kwance ba na ce mu mayar da motar. Na karkatar da madubi sama don kada idona ya kai baya. Yaya na ta addu'a ƙasa-ƙasa. Muna tsakiyar gadar da ta ratsa bakin kogi, cikin cunkoso, sai na ji ƙofar baya ta buɗe a hankali, ta sake rufewa. Ƙarar bel ɗin ta tsaya.

Mai makulli bai tambayi dalilin dawowarmu da wuri ba. Ya leƙa kujerar, ya ce, "A ina ta sauka?"

"Kan gada."

"Kun yi sa'a. Wasu sai da ta bi su har ɗaki."

"Wace ce ita?"

"Motar ta taɓa faɗawa ruwa kafin maigida ya saye ta. Iyakar abin da na sani ke nan." Ya rataye makullin a layin na haya, tare da sauran.

Tasi muka riƙa hawa har aka gama. Aikin ya yi kyau. Ranar da aka cire wa Yaya bandeji, Inna ta ce ya zo taga ya ga teku da sabon idonsa. Ya yi mata godiya, ya ce in ja labule.