Bencin Asibiti

"Shiru! Ba ku san mamanku tana hutawa ba?"

Tsawar da Maigida ya daka wa yara a falo ta sa Anti Tela ta zabura daga kujerar da aka dasa ta a kai. Mako biyu ke nan da likita ya ce jininta ya hau. Ya ba ta magani, ya kuma ɗora mata aiki: kullum ta samu minti goma sha biyar ta zauna ita kaɗai, babu waya, babu keken ɗinki, ta riƙa jan numfashi a hankali. Idan ta koma yau jinin bai sauka ba, gado zai ba ta. Ita kuwa ba abin da take tsoro kamar gadon nan. Kayan makaranta na yara sittin suna jibge a shagonta, kuma ta san ranar da ta kwana asibiti ko cokali ba za a iya ganowa a gidan ba.

Iyalin sun ɗauki hutun da zafi. Babbar 'yarta, wadda duk iliminta a waya yake, ta manna jadawali a jikin firji: shan ruwa, miƙe jiki, murmushi sau biyar, rubuta abu uku da aka gode wa Allah a kansu. Ita ce kuma mai riƙe da agogo.

Ƙofa ta buɗe, Maigida ya leƙo.

"Kina dai hutawa ko?"

"Ina ƙoƙari."

"Yawwa, ci gaba. Af, ba don in dame ki ba, ina safata mai ruwan toka?"

Bai gama jan ƙofar ba 'yar ta shigo da littafi a hannu. "Mama, ba haka ake numfashin ba, ta hanci ake ja. Kuma jiya abu biyu kawai kika faɗa, saura ɗaya."

"Rubuta na gode da aka bar ni na huta."

Yarinyar kuwa ta rubuta.

A motar haya zuwa asibiti ma wayarta ba ta huta ba. Mutum uku da suka kawo mata ɗinki suka kira. Ƙanwar Maigida ma ta kira, ta yi minti ashirin tana ja mata kunne a kan yawan amsa waya. A bakin ƙofar asibiti cajin ya ƙare, wayar ta mutu.

Lamba arba'in da bakwai aka ba ta, ana kan ta tara. Ta zauna a benci tana tsaki, tana lissafin rigunan da za ta gama a wannan lokacin. Da tsakin ya ƙare sai ta duba gefe da gefe. Ba wanda ya san ta a wurin. Ba mai cewa Mama, ba mai cewa Anti ina kayana. Fanka tana juyawa a sama, wani tsoho yana gyangyaɗi a gefenta. Ta hango labulen taga an yi masa kalmasa a karkace, ta ji ko a jikinta, ba ita ta ɗinka ba. Kafaɗunta suka sauko. Rabon da ta ji daɗi irin wannan har ta manta.

Awa uku ta yi kafin a kira ta. Likita ya ɗaura mata abin awo a dantse, ya duba, ya sake dubawa.

"Madalla! Ya sauka sosai. Da gani mutanen gida suna kula da ke."

"Ƙwarai, likita. Ko numfashi ba na yi sai da saninsu."

"Haka ake so. Ki ci gaba da abin da kike yi. Babu zancen gado, sai kuma bayan wata uku."

Ta yi godiya, don da gaske ta ji sanyi a ranta. Amma wata ukun nan ya tsaya mata a wuya. Ta fito ta tsaya tana kallon titi, inda motoci ke ta hon. Sai ta juya, ta koma ƙarshen bencin ta zauna, ta ɗora jaka a cinya.

Wata mata da ta iso tana haki ta taɓa ta. "Baiwar Allah, ke ce ta ƙarshe?"

"Ni ce," in ji Anti Tela, ta jingina da bango ta lumshe ido. "Amma in layi ya zo, ki wuce gabana."