Fuskar Yusha'u

Kaka ta matso da fuskarta kusa da katakon zanen har hancinta ya kusa taɓa fentin. Ta daɗe a haka, sannan ta ja baya ta gyara lulluɓinta.

"Wanga ba Yusha'u na ba," in ji ta.

Ni ne nake riƙe da katakon, don Malam Rufus ba ya iya tsayuwa. Yana kishingiɗe a kujerar ƙarfe a tsakar gidansa, an ɗora masa kumburarrun ƙafafunsa a kan bokiti. Ya buɗe baki zai yi bayani, tsohuwar ta riga ta laluba takalmanta. Ta yi masa sannu da jiki, ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta fita ba ta ƙara kallon abin ba. Kunya ta kama ni kamar ni na yi zanen.

Shekara goma sha tara katangarmu ɗaya da Malam Rufus a Wurno. Mutumin Zuru ne, ya zo koyar da zane a sakandare, ya yi ritaya, ya binne matarsa, ya ƙi komawa gida. Ni kuwa Lawwali manomin albasa ne, abin da na sani game da zane bai wuce furannin jikin mota ba. Kaka ita ce tsohuwar da ke gidan da ke kallon namu. Ɗanta Yusha'u masunci ne, ruwa ya ci shi a dam ɗin Goronyo shekara bakwai da suka wuce. Mahaifinsa, Allah ya ji ƙansa, mutum ne da bai yarda hoto ya kwana a gidansa ba, don haka yaron ya girma ya mutu babu hotonsa ko ɗaya, in ban da na katin zaɓe, wanda ya tafi da shi a aljihu.

Bayan ƙaramar salla Kaka ta kira ni zaure ta gaya mini abin da ke cinta. Ta ce fuskar yaron tana guje mata. Tana tuna muryarsa, tana tuna tafiyarsa, amma in ta rufe ido ta nemi fuskar sai ta ga ba kowa. Ta ji an ce Malam yana zana mutum ya fito sak, kuma ya san Yusha'u, sun sha cin gasasshen kifi tare a bakin dam. Ta roƙe ni in yi masa magana tun yana da sauran ƙarfi, don duk unguwa an san ƙodarsa ta gaza. Wata biyu ya yi yana aikin, ya hana kowa leƙawa. Ga abin da ya fito.

Da ta tafi na jingina katakon da randa, na ce masa gaskiya ya ba ni haushi. Tsohuwa ta nemi ɗanta, ya ba ta dodo. Bai musa ba. Ya ce in zauna in duba da kyau in faɗa masa abin da nake gani, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda yake sa ɗalibansa.

Na ce to, ina ganin sama ja wur, alhali ranar da abin ya faru da hantsi ne, hadari baƙi ne ya taso. Na sani, don ni na kai Malam Goronyo a kan babur ɗina ranar, shi zai zana masunta, ni zan sayi irin albasa. A gabanmu iskar ta kife jirgin Yusha'u. Na ce ruwan ma ba ruwa ba ne, wasu layuka ne masu kauri, baƙi da tsanwa, suna murɗawa kamar ana tuƙa tuwo, duk sun nufi wuri ɗaya. Jirgin ya lanƙwashe. Mutumin da ke tsakiya wuyansa ya yi tsawo, fuskarsa ruwan ɗorawa ce ta dagule da tsanwa, idanu ramuka biyu, baki a rufe gam. Hannuwansa kuwa kowanne ya fi kansa girma, yatsun a ware, sun miƙo waje kamar za su kama rigar mai kallo.

Ya ce akwai irin wannan zane, sun karanta shi a kwaleji, wanda mutum ba ya bin abin da ido ya gani, sai abin da ya ji a cikinsa lokacin da yake gani. Jan saman nan ba na rana ba ne, abin da ya rufe masa ido ne lokacin da ya gane ba wanda zai shiga. Bakin a rufe yake saboda iskar ba ta bari mun ji ko kira ɗaya ba. Hannuwan kuwa su kaɗai muka gani, sau uku suna fitowa. Na ce duk na ji, amma Kaka ba karatun kwaleji ta zo nema ba.

"Dubi ƙasa, wajen hagu," ya ce.

Na duƙa. Can a bakin gaɓa akwai wasu 'yan mutane ƙanana, kamar bakwai, a jere, an yi su da toka-tokan fenti. Ɗaya yana da malafa irin ta Malam. Na kusa da shi yana tsaye a gefen babur. Na ƙura musu ido ina neman abin da ya sa suka yi mini wani iri, sai na gane. Babu mai hannu a cikinsu.

Shekara bakwai ina gaya wa kaina ban iya ruwa ba, kuma gaskiya ne ban iya ba, amma ranar na ji tsoron wannan katako fiye da yadda na taɓa jin tsoron wani abu.

"Na zauna in zana mata yaron da na sani, Lawwali," ya ce a hankali. "Wallahi na zauna. Da na ɗora hannu sai wannan ya fito."

Ya sa na koma na gaya wa Kaka ta yi haƙuri, zai sake da fensir, a takarda, fuska kawai. Ta ce ba komai, tana jira. Daga nan kullum in na dawo daga fadama sai in same ta a ƙofar gida tana tsinkar zogale, ta ɗago ta tambaye ni jikin Malam, ni kuma na san abin da take tambaya. In ce da sauƙi, yana kan aikin. In na shiga wurinsa in tarar da shi da allon katako a cinya, ya kife takardar da ya ji motsina. Na riƙa tsokanarsa cewa ko amarya yake zanawa. Tun yana dariya har ya daina. Kumburin ya hau ciki, abinci ya ƙi zama, fensir ya fara faɗuwa daga hannunsa sai na ɗauko masa.

Ranar wata Alhamis da hantsi matata ta kai masa kunu, ta dawo da kwanon a cike, ta ce Malam ya rasu. 'Yarsa Augustina, ma'aikaciyar jinya a Sakkwato, ta iso kafin azahar da mutanen cocinsu. Mu maƙwabta muka shimfiɗa tabarmi a waje muka karɓi gaisuwa, don ba shi da wasu dangi a garin sai mu. Na yi kuka, ban ɓoye ba. Washegari suka wuce da shi Zuru. Katakon Augustina ta ce ba za ta iya kwana gida ɗaya da shi ba. Ni ma ba zan sa shi inda nake salla ba, sai na kai shi rumfar da nake ajiyar albasa, na juya fuskarsa ga zanar rumfar.

Bayan mako guda Augustina ta dawo kwashe kaya. A ƙarƙashin katifarsa ta samo takardu a cikin leda, an rubuta sunan Kaka a jiki. Ta miƙo mini, na buɗe a zaure kafin in kai. Sun fi talatin. A kowace akwai kai, da hula, da kunnuwa, da wuya, an yi su tsaf. Tsakiyar kuwa fari fat. A wasu ya fara gira ya goge, ya sake ya goge, har takardar ta huje. Na so in ƙone su in ce ba a ga komai ba, amma sunanta ne a jiki.

Na sami Kaka bayan la'asar a gindin darbejiya. Ta goge hannu a zani ta karɓa, ta riƙa ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, tana kai kowace kusa da ido, tana ajiyewa a cinya. Ba ta tsallake ko ɗaya ba. Da ta kai ta ƙarshe sai ta ɗora yatsa a kan farin wurin.

"Lawwali, kai da kas san shi," ta ce. "Tabon nan da yaj ji da ƙugiya yana yaro, kuncin dama na ko na hagu?"

Na rufe ido ina neman fuskar. Na nema iyakar ƙarfina.

"Ban tuna ba, Inna."

Ta gyaɗa kai. Aka kira magariba, ba ta tashi ba. Yatsanta yana kan takardar, ta kai shi dama, ta dawo da shi hagu, ta sake kai shi dama.