Hausar 'Ya'yan Yaya

Nas tana durƙushe a bakin ƙofa tana ɗaura wa 'yar yayarta igiyar takalmi, leɓɓanta na motsi. Jimlolin da ta tanada don jarrabawar baka ta yau take maimaitawa ƙasa-ƙasa, kamar mai lazimi.

"Turanci nake ji a gidan nan?" Muryar Yaya ce daga kicin.

"Bita nake yi, Yaya. Yau ce jarrabawar."

"Ki yi a bas mana. Kin san maganarmu. Yaran nan Turanci a makaranta, Turanci a talabijin, Turanci a titi. Ke kaɗai ce Hausarsu."

Maganar ke nan tun ranar da Nas ta sauka a wannan birni na ƙasar waje. Ta baro asibitin da ta yi shekaru tana jinyar mutane, inda har sunanta ya ɓace kowa sai Nas, ta zo makarantar koyon Turanci, saboda wani asibiti a nan ya yi mata alkawarin aiki in ta ci jarrabawar baka a wannan zangon. In ta faɗi, gurbin ya zama na wani. Yaya ta ba ta ɗaki da bargo da makulli, sannan ta ce abu ɗaya take roƙo: kada ta kuskura ta yi wa yaran Turanci. Ita da maigidanta aiki ya cinye su, sun wayi gari 'ya'yansu ba sa iya gaida kakarsu a waya. Nas, baiwar Allah, ta ce ai wannan ba wani abu ba ne.

Ta ajiye yarinyar a makaranta, ta miƙa Auta, ƙanin yarinyar, gidan raino, ta kama bas da gudu. Birnin ya tashi kamar kullum, masu kiɗa a bakin tasha, 'yan keke suna ratsa motoci, shaguna sun baza kujeru a waje. Ko'ina Turanci ne yake zuba kyauta, ita kuwa ta taga kawai take ganin sa yana wucewa. Da an tashi daga aji 'yan ajinsu sukan ɗunguma su tafi shan shayi, su yi ta kwaɓa Turanci suna yi wa juna dariya har bakin ya warware. Ita a lokacin tana tseren ɗauko yara, daga nan har rana ta faɗi sai "zo nan", "ajiye wannan", "ce sannu".

A barandar makarantar Turancin ta tarar da Mai Kitso, wata yarinya 'yar wata ƙasa da suka fara aji tare. Lokacin da ta zo, ban da godiya ba abin da ta iya faɗa. Yanzu ga ta riƙe da waya tana zazzaga wa mai gidan hayarsu masifa a kan famfon da ya lalace, da Turanci mai karaya amma mai tafiya. Nas ta tsaya tana sauraro, hassada ta kama ta sosai. Ita ko wanda za ta yi faɗa da shi ba ta da shi.

Aka kira ta. Ɗakin ƙarami ne, tebur ɗaya, malamar ajinsu da wani mai jarrabawa da ba ya ɗaga kai. Malamar ta ce, tunda ita ma'aikaciyar jinya ce, za su yi abin da ta sani. Sai malamar ta lanƙwashe a kujera ta zama tsohuwar da ta zame a banɗaki, ta dafe ƙugu tana nishi, tana tambaya ko ƙafarta ta karye, ko za ta ƙara tafiya.

Hannun Nas ya riga bakinta, har ya kai kafaɗar matar. Ta ji duk abin da aka ce, ta kuma san amsar, ta ba da ita ga tsofaffi ba adadi. Amma da ta buɗe baki Hausa ce ta yi layi a maƙogwaronta, sannu, kwantar da hankalinki, bari in duba. Turancin ya maƙale can ciki ya ƙi fitowa. Ta jawo kalma ɗaya, ta jira ta biyu ba ta zo ba. Da shirun ya yi tsawo sai ta kama jimlolin da ta haddace, ta fara gaya wa tsohuwar da ke nishi cewa tana son wannan birni domin yana da kyau kuma mutanensa suna da kirki.

Mai jarrabawar ya ɗaga kai a karon farko.

Bayan an gama malamar ta biyo ta baranda. A hankali ta yi maganar, tana rarraba kalmomi yadda ake yi wa sabon zuwa. Ta ce rubutunta ya fi na kowa a ajin, amma bakin bai buɗe ba, sai ta maimaita zangon.

"In kin tashi daga nan da wa kike hira?"

"Yara," in ji Nas. Wannan kalmar dai ta fito.

"Madalla!" Fuskar malamar ta washe. "Ki riƙe su da kyau. Babu malamin harshe kamar yaro."

Nas ta yi murmushi ta gode. A bas ma ba ta yi kuka ba, don kada yaran su ga idonta ya yi ja.

Da ta shigo da su gida ta tarar Yaya ta dawo da wuri, tana falo riƙe da waya, fuskar mahaifiyarsu ta cika gilashin.

"Yauwa, ga su nan! Zo ki gaida kakarki."

Yarinyar ta durƙusa a gaban wayar. "Ina wuni, Hajiya? Ya gida? Ya ƙafar taki, da sauƙi?"

Tsohuwar ta rufe baki da mayafi, hawaye na bin kumatunta. "Ikon Allah! Ashe zan ji wannan da kunnena. Ina ƙanwar mamar taki? Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Wallahi tafiyarki ta yi rana."

"Amin, Hajiya," in ji Nas.

Sai da aka kashe wayar Yaya ta tuna. "Af, ya jarrabawar?"

"Na faɗi. Aikin ya tafi, Yaya."

"Ayya. Haka Allah ya so." Yaya ta sunkuya tana cire wa Auta rigar sanyi, amma Nas ta riga ta ga fuskar kafin ta ɓoye ta, kuma ba fuskar mai jaje ba ce. "Sai ki maimaita, ai ɗakinki yana nan, ba mai korar ki. Kin ga ma shi wannan bai fara kama Hausar ba tukuna."

Ta ɗaga yaron ta ɗora mata a hannu.