Jar Akuyar da Ta Sha Shayin Aghali

Ranar da jiri ya kayar da Zuhaira a gaban tukunyar shinkafa da wake a tashar Tanut, direbobi na tsaye da kwanoni suna jiran a zuba musu. Matan tasha suka yayyafa mata ruwa. Ta miƙe, ta ƙarasa sallamar mutanenta, sannan ta gyara ɗaurin zane ta nufi asibiti wurin Kaltuma ungozoma, ƙawarta tun suna 'yan mata a Damagaram.

Kaltuma ta ja fatar idonta ta leƙa, ta sa aka ɗebi jini, ta dawo tana girgiza kai.

"Me kika ci yau?"

"Na ɗanɗana gishiri."

"Jiya fa?"

"Ƙanzo. Da shayi."

"Ki ji mai ciyar da tasha guda, yunwa na cin ta," in ji Kaltuma. "Ƙawata, mun kai shekarun da jiki ke sauya doka. Sinadaran da ke tafiyar da al'ada sun fara hawa da sauka, shi ya sa take ɓacewa wata da watanni, ta dawo kamar an fasa randa. Su ke kawo miki zufa da faɗuwar gaba da fushin da ba ki san dalilinsa ba. Jinin da ke fita ba kya mayar da shi. Ga kuma shayin mijinki mai kauri a kan abinci. Yana hana jiki tsotse abin da ke gina jini, ya kore miki barci. Ki sha ƙwayoyin nan, ki ci wake da zogale da hanta, ki matsa lemun tsami. Shayin bayan abinci kuwa ki bar shi."

Zuhaira ta karɓi ƙwayoyin. Maganar shayin ce ta yi ta juyawa a ranta har gida.

Mijinta Aghali dillalin dabbobi ne, Buzu daga dajin arewacin Belbeji, mutum ne da za ka ƙirga maganarsa ta yini da yatsun hannu ɗaya. Bai taɓa ce mata yana son ta ba. Da shayi ya neme ta, da shayi ya yi mata gaisuwar mahaifiyarta, da shayi yake ba ta haƙuri in sun saɓa. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan, duk bayan cin abinci sai ya zauna gindin bishiyar bedi da ɗan murhunsa na waya, ya ɗaga buta sama har kumfa ta cika finjali, ya miƙa mata na farko kafin ya kai nasa baki. Da ya ga gajiya ta fara cin ta, sai ya ƙara ganye, don a wurin mutanensa shayi ne maganin gajiya.

To, da wane baki za ta ce masa shayinsa na cutar da ita? Kuma in ya tambayi dalili, sai ta kawo zancen jini da al'ada a gaban namiji, abin da ba a yi mata tarbiyya a kansa ba.

Sai ta yi dabara. Da ya miƙo finjali sai ta ce, "Bari in duba wuta, Maigida," ta shige madafa, ta juye shi cikin wani tsohon kasko a bayan randa, ta fito tana lasar leɓe.

Abin da ba ta lissafa ba shi ne jar akuyarsu. Ranar farko akuyar ta shinshina kaskon ta lashe shi tas. Kafin mako ya zagayo, da ta ji ƙarar buta sai ta bar dusa ta je bakin madafa ta tsaya tana jira. Daga nan ta daina kwanciya. Ta hau katanga, ta dira gidan maƙwabta ta cinye musu rabin kallabi a kan igiyar shanya. Ta yi ta kuka ba yunwa ba ƙishirwa, idanu a waje kamar wadda ta ga kura.

Ita kuwa Zuhaira barci ya fara dawo mata. Jirin ya ragu, ta daina yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Aghali ya dube ta wata rana, idanunsa na murmushi ta saman rawanin da ya rufe bakinsa.

"Kin gani, 'yar Damagaram? Na ƙara ganye."

"Na gani, Maigida," ta ce, ta sunkuyar da kai.

Akuyar ce ta dame shi. Ya shafa cikinta, ya duba kofatonta, bai ga ciwo ba. Ya yanke shawarar kai ta kasuwar Belbeji kafin ta karya ƙafa. Kamar yadda kowane dillali ke yi, ya matse ta tsakanin gwiwoyinsa ya buɗe bakinta don ya duba haƙora. Ƙamshin na'ana'ar da yake sa wa shayinsa ya bugi hancinsa. Ya sake ta, ta ruga, ya bi ta a hankali har bayan randa. Ga kasko, bakinsa ya yi baƙi da shayi, tururuwa na bin sukari.

Da Zuhaira ta dawo daga tasha ta tarar da buta a kife a kan tabarma, murhu ba wuta. Suka ci abinci, ya wanke hannu ya tashi. Washegari ma haka. Gidan ya yi mata shiru irin wanda ba ta taɓa ji ba, don ashe duk tsawon zamansu ƙarar zubar shayin nan ita ce hirarsu.

Da safiyar tafiya kasuwa ta gan shi yana cusa kaya a jaka. Ba kayan kwana ɗaya ba ne. Ya sa bargo, ya sa rigunansa, ya naɗe finjalai a tsumma, ya ɗauki buta. Motar 'yan kasuwa na ta oda a bakin layi.

"Ina za ka da buta, Maigida?"

"Wurin 'yan'uwana. Zan jima." Ya ɗaure bakin jaka bai dube ta ba. "A wurinmu, in ka ba mutum abu ya karɓa da murmushi, ya je ya bai wa dabba a ɓoye, to yana zargin ka zuba masa wani abu a ciki. Na ga ba ki da lafiya. Ban san ni kike zargi ba. Wa ya ce miki na yi miki magani?"

Wannan fassarar ko a mafarki ba ta zo mata ba. Ya saɓa jaka ya nufi ƙofa. Ta riga shi, ta tsaya a bakin zaure, ta fizge butar ta rungume a ƙirji.

"Ba za ka fita da wannan maganar a cikinka ba. Tsaya ka ji, in kunya za ta kashe ni ta kashe ni."

Ta juya fuskarta ga bango ta faɗa masa duka: faɗuwar da ta yi a tasha, jinin da ke zuba, shekarun da suka cim mata, ƙanzon da take kira abinci, da abin da Kaltuma ta ce game da shayi a kan abinci.

"Na gwammace akuya ta haukace da in mayar maka da finjali a cike," ta ce.

Motar ta sake yin oda. Aghali ya sa yatsa ya sauke rawanin daga bakinsa, abin da ba ya yi ko a gaban 'ya'yansa.

"Kin faɗi a tasha, ni ina nan ina ƙara ganye."

"Ba ka sani ba."

"Raƙuma in ta rame nakan gane tun daga nesa. Ke kina gabana."

Ya mayar da rawaninsa, ya fita da jakar. Butar ta rage a hannunta.

Yinin ranar ta ƙona wake, ta zuba wa wani direba mai sau biyu. Ya ji ta ko bai ji ba? Mutumin da ba ya magana, ta ina za ka san ya huce? Ta kwana, ta tashi, ba labari.

Da hantsi tana tsakiyar ciniki sai ga shi ya ratso tasha, jaka a kafaɗa, murhun waya a hannu ɗaya, ƙunshin takarda a ɗayan. Ya ajiye ƙunshin a kan bencinta ya buɗe. Gasasshiyar hanta ce da zafinta, da lemun tsami. Ya karɓe ludayin daga hannunta.

"Zauna ki ci."

"Mutane na jira, Maigida."

"Su jira. Kwanon farko na mai tukunya ne daga yau."

Wani direba ya kwashe da dariya. "Buzu, kai za ka zuba mana? To a cika hannu, ba awon finjali ba."

Aghali ya zuba masa rabin ludayi, ya tsare shi da ido har ya yi shiru. Zuhaira na cin hanta tana dariya, hawaye na neman zubo mata.

"Na biya ta wurin Kaltuma," ya ce a hankali, ba tare da ya juyo ba. "Na tambaye ta ina rufe da fuska, ita ma ta amsa tana kallon taga. Ta ce in abinci ya daɗe da sauka, finjali ɗaya mara kauri ba laifi. Ina butata?"

Tana cikin kwandon kayanta. Tun jiya ba ta iya barin ta a gida ba.

Bai hura wuta ba sai da rana ta karkata, ciniki ya lafa. Ya ɗebi ganye, ya dube shi a tafin hannu, ya mayar da rabi. Ya ɗaga buta sama, kumfa ta taso, ya miƙo mata. Ta shanye a gabansa, ta juya finjalin ya ga ba saura.

"Ruwa-ruwa ne," ya ce, kamar mai neman gafara.

"Haka nake so."

Da suka isa gida suka tarar da jar akuya a bakin madafa, tana kallon butar da ke hannunsa. Aghali ya ɗauko kaskon daga bayan randa, ya wanke shi, ya cika da ruwa ya ajiye mata. Ta shinshina, ta ɗaga kai ta dube shi.

"Ke ma Kaltuma ta hana ki," ya ce.